Dutsen da Malam ya kawo mini tsaraba

Duk wanda ya ji cewa ƙanƙara ta ci ƙafar mutum a Alƙahira cikin watan Agusta, sai ya fara dariya kafin ya ce sannu. Na ga dariyar nan a fuskar mai taksi, na gan ta wurin masu yankar kati a asibiti, na gan ta har a bakin 'yan'uwanmu Hausawa na unguwarmu Hayyin Ashir da suka zo dubiya da ledar lemo a hannu. Yanzu da ciwon ya rufe, hankalina ya dawo jikina, na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, ko Allah zai sa wata mai miji irin nawa ta tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

Mijina Malam Nasiru mutumin Gusau ne. Yana karatun digiri na biyu a fiƙihu, kuma shi ke jan salla a ɗan masallacin da ke ƙasan benenmu. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma in ya kafe a kan abu ko jaki ya sallama masa. Alwalarsa kaɗai abin kallo ce. Yakan tsefe yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya duba diddige, in ya yi shakka ya sake daga farko. Sau da yawa abinci ya huce ina jiran ya gama da ƙafar hagu.

Yana da aboki a ajinsu, Nurlan, ɗan ƙasar Kirgistan. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, Nurlan ya gayyace shi garinsu, ya ce 'yan'uwansa za su tsallaka wasu duwatsu masu ƙanƙara da ƙafa, ya zo ya ga ikon Allah. Na ce, "Malam, kai da ke kwana da rigar sanyi biyu a Janairun Masar, kai ne za ka hau ƙanƙara?" Ya yi dariya ya ce, "Hauwa, kullum muna karanta duwatsu a aya, ki bar ni in gan su da idona." Na haɗa masa kilishi da yaji, na yi masa fatan alheri, raina bai so ba.

Ranar da ya dawo, Nurlan ne ya riƙo shi har hawa na biyar, don benenmu ba shi da na'urar hawa. Yana sanye da silifas da suka fi ƙarfin ƙafarsa. Ya ce gajiya ce kawai. Ya zauna ya buɗe jaka yana fara'a, ya ba ni zuma, ya ba 'yarmu Sumayya hular gashi, sannan ya ciro wani faffaɗan dutse toka-toka, kamar tafin hannu biyu. Ya ce, "Wannan daga can saman mashigar na ɗauko miki, inda ba abin da ke sama da mutum sai sama." Na karɓa na ajiye a taga. Da na durƙusa na zare masa safa, sai da na dafa ƙasa. Yatsun sun kumbura, sun yi bororo masu jini a ciki, biyu na hagu kuwa sun fara duhu. Na latsa, ya ce bai san ma na taɓa ba.

Nurlan ne ya ba ni labarin, kansa a sunkuye, da Larabcinsa mai nauyi. Sun yi kwanaki suna hawa, iska na ƙara ƙaranci, mutum ya yi taku kaɗan sai ya tsaya ya yi haki. Daga nan suka isa wata shimfiɗar ƙanƙara da ba ta narkewa rani da damina, mai tsage-tsage masu zurfin rijiya. Sai an ɗaure juna da igiya a kugu, an sa takalmi mai haƙoran ƙarfe, ake taka ta. A ƙarshenta akwai mashiga tsakanin kawunan duwatsu biyu, wadda dole a haye ta da sassafe kafin rana ta sassauta ƙanƙarar. Sun taso da duhu, asuba ta riske su a gefen ƙanƙara. Mai yi musu jagora ya ce kada kowa ya cire takalmi. Duk suka buga hannu a dutse suka yi taimama. Malam kuwa ya ji ruwa na gudu a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙara, ya fasa da sanda, ya zauna yana kwance igiyar takalmi.

Nurlan ya ce, "Wallahi na riƙe hannunsa, ya ukhti. Na ce Ustaz, ka fi ni sanin an yi rangwame. Ya ce mini, ga ruwa a gabana yana gudu, in shafa dutse?"

Ya wanke su sau uku-uku, ya tsefe yatsun kamar yadda ya saba, ya mayar da safa a kan danshi. Haka ya wuni yana tafiya cikin iskar da ke yanka fuska. Da suka sauka ɗaya ɓarin ya kanga ƙafar a wuta a ɓoye, washegari ta sake daskarewa a hanya, bai gaya wa kowa ba don kunya. Ina jin wannan na dubi Malam. Ya kau da kai yana gyara wa Sumayya hula.

Makon farko a layi ya ƙare. Mu fita da safe, mu yi zaman benci har azahar, zufa na bin bayanmu, a kira mu a tambaye shi, "Sukkar?" Kowane likita ciwon suga yake fara zato. In na ce ƙanƙara ce, sai a ɗaga kai a dube mu, baƙaƙe biyu daga Ashir, a sake tambaya. Wani matashin likita ya fita ya kira abokansa suka kewaye gadon suna ɗaukar hoton ƙafar da waya, ba wanda ya dubi fuskar mai ita. Wani ya ce a yanke yau-yau. Allah ya saka wa wata ma'aikaciyar jinya da alheri, ban ma san sunanta ba. Ita ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce kada in yarda, ta kwatanta mini wani tsohon likitan jijiyoyin jini a unguwar Madinat Nasr wanda ya yi karatu a ƙasar sanyi.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban yatsun, ya shinshina, sannan ya yi maganar da har gobe tana kunnena. Ya ce, "Sanyi ya riga ya ci abin da zai ci, amma ba ya faɗa da wuri. Jiki zai ja layi da kansa tsakanin mai rai da matacce. Aikinku jira. A bar ta a bushe. Ba murza, ba man zafi, ba ruwan zafi. Ƙafar nan ba ta jin komai, za ta dahu bai sani ba." Ya juyo gare ni ya ce, "Kin gane, ya madam?" Na ce na gane. Ya sa na maimaita masa kamar 'yar makarantar allo.

Jira kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Kullum in goge ƙafar da maganin da ya rubuta, in sa auduga tsakanin yatsu, in ɗora ta a kan filo, in juya mata fanka. A mako na biyu jin jiki ya fara dawowa a tsakiyar ƙafar, da shi kuma azaba ta zo. Ya ce kamar ana caka masa allurai masu wuta. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya koma yi mini tsawa don na ajiye kofi da ƙarfi. Ranar da na ce ya bari in kawo masa fo don kada ya taka ƙasa, ya jefe ni da filo. Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska, na fito da fon. Kuɗin taksi da na bandeji suka cinye ɗan abin da muke da shi, muka koma cin wake da burodi safe da yamma, ban ce masa komai ba.

Masu dubiya sun zo, Allah ya ba su lada, amma wasu da sun zauna a gida da ya fi. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, dutsen Kwatarkwashi bai ishe ka ba, sai ka je na Turawa?" Aka kwashe da dariya a kan mara lafiya. Wani ya ce ai wannan yawon 'yan hutu ne, ba na ɗalibin ilimi ba. Wani kuma, yana cin dabinon da na ajiye musu, ya tambaye ni ko an fara tunanin wanda zai riƙe limanci. Na zuba musu shayi, haushi na cina.

A mako na uku layin ya fito, kamar yadda tsohon ya faɗa. Yatsu biyu na hagu sun bushe sun yi baƙi kamar busasshen dabino, sauran kuwa suka fara ja, sabuwar fata na fitowa. Likitan ya yi murmushi karo na farko. Ya ce, "Biyu kawai, in sha Allah. Zai yi tafiya, zai tsaya ya ja salla, ba wanda zai sani sai ya cire safa. Ku ƙara haƙuri kaɗan." Ranar na sayi mangwaro a hanya don murna.

Amma a gida Gusau ba a ga abin murna ba. Yayan Malam, Yaya Sani, kullum sai ya kira. Ya ga hoton yatsun ya ce, "Ke Hauwa, kuna zaune kuna kallo ƙafa na ruɓewa? Sanyi ne ya shige shi. Tun kakanninmu da wuta ake korar sanyi. A gasa ƙafar nan." Na ce, "Yaya, likita ya hana." Ya ce, "Likitan Masar ya san sanyi ne? Ina ya gan shi?" Daga nan sai ya miƙa wa Inna, mahaifiyarsu, ta yi ta kuka tana cewa an kai mata ɗa uwa duniya an hana shi magani. Malam ya riƙe wayar yana sauraron kukanta har ta gama, ni kuwa na san maganar ta shige shi.

Ba a jima ba sai ga Hajja Asha. Tsohuwa ce Bahaushiyar Sudan, a layin bayanmu take, ita ke yi wa matan unguwa wankan jego. Lokacin da na haifi Sumayya ba ni da uwa ba ni da 'yar'uwa a Masar, ita ta tsaya a kaina har na yi arba'in, ta gasa ni, ta dama mini kunu, ba ta karɓi ko sisi ba. Ashe Yaya Sani ya samo lambarta. Ta shigo da ƙullin ganye, ta buɗe ƙafar ta ce, "La ilaha illallah. Ya bitti, 'yata, ɗora mini ruwa."

Na durƙusa har ƙasa na ce, "Hajja, ki yi mini rai. Likita ya ce ƙafar ba ta jin zafi, za ta ƙone."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni da na gasa ki kika miƙe, yau ni za ki koya wa gashi? Mata nawa na tayar a Ashir? Khalas, shi ke nan, tunda kin zama daktora." Ta ɗaure ƙullinta ta fita. Na ji kamar na mari uwata, amma ban ɗora ruwan ba. Sai da yamma Malam ya ce, "Kin kunyata tsohuwa." Na ce, "Na ji, gara kunya da gurgunta."

Kwana kaɗan bayan haka bandejin da ba ya manne wa ciwo ya ƙare, kuma sai a wani babban kantin magani na Wustul Balad, can tsakiyar gari, ake samunsa. Malam ya matsa in tafi da safe, in tafi da Sumayya ma don ya samu barci. Har ya ce in tsaya in sha sanyi a hanya, kada in yi gaggawa. Na ji daɗin wannan kulawa, wauta ta ɗebe ni. Muka shiga jirgin ƙasa na metro, muka sha cunkoso, muka dawo wajen la'asar.

Tun a hawa na uku na ji warin dafaffen ganye. Na saki hannun yarinyar na haura da gudu. Falon ya cika da tururi. Hajja Asha na zaune a ƙasa da baho a gabanta, tana tsoma tawul da ludayi saboda hannunta ba ya iya shiga ruwan, tana dannawa a ƙafar hagu. Wayar na jingine da filo, Yaya Sani na kallo daga Gusau yana cewa a ƙara dannawa. Malam ya dube ni yana murmushi, gumi na zuba a goshinsa, ya ce, "Kin gani, Hauwa? Ko zafi ba na ji."

Na fizge tawul ɗin. Fatar saman ƙafar ta biyo shi.

Ban san abin da na faɗa ba ranar. Maƙwabta sun ce har titi ana jin muryata. Hajja Asha ta zauna riƙe da ludayi tana kallon abin da ke manne a tawul. Yaya Sani ya kashe wayarsa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ƙafar da na yi makonni ina busarwa ta jiƙe, ta kumbura, ta fara wari irin wanda ba turaren da ke rufe shi. Layin da muka yi ta jira ya ɓace. Zazzaɓi ya rufe shi har yana kiran sunayen mutanen da suka hau dutse tare, yana cewa a ja igiya. Da muka kai shi wurin tsohon likitan, ya buɗe bandejin, ya rufe, ya cire tabarau. Ni ya duba. Ya ce, "Ya madam, ban sa kin maimaita ba?" Na jira Malam ya buɗe baki ya ce ba laifina ba ne. Idonsa biyu, yana jin mu, ya zuba wa silin ido. Wannan shirun ya fi mini tsawar da filon ciwo, kuma har yau ban gama yafe shi ba.

Aka kwantar da shi, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai ko za a ceto wani abu. Ba a ceto ba. Rabin ƙafar hagu aka cire, daga tsakiya zuwa gaba, har da yatsu ukun da suka riga suka warke.

A nan dole in yi godiya. Nurlan ya ba da jininsa, ya kwana a barandar asibiti, kuma bayan an sallame mu shi ya riƙa goya Malam a baya yana hawa da shi bene duk ranar wankin ciwo. Hajja Asha kuwa kullum sai ta aiko da abinci, ta karɓi Sumayya ta riƙe mini har muka fito. Ranar da muka haɗu a matakala ta kama hannuna ta sa a goshinta tana kuka, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya bitti, alheri na nufa." Na san alheri ta nufa. Na ci abincinta, na gode mata, amma ban iya cewa ba komai ba, don akwai komai.

Yaya Sani ya kira bayan aikin. Na ɗauka zai ba da haƙuri. Ya ce, "To, Allah ya ƙaddara. Amma da an gasa tun makon farko da bai kai haka ba. Jinkirin da kika sa ne, sanyin ya riga ya kama ƙashi." Wannan maganar ita ke yawo a dangi har yanzu, Inna ma ba ta amsa gaisuwata sai a daƙile. Masallaci kuma an sa wani ya riƙe, aka ce na wucin gadi ne. Shi ne ɗalibin da ya ci dabinona.

Don haka ga abin da zan gaya wa duk wanda ɗan'uwansa ya dawo daga ƙasar ƙanƙara da yatsun da ba sa ji. Kada ku gasa. Kada ku murza. Ku nemi likitan da ya san abin, ku jira layi. Kuma in mara lafiyar ya fara lallashinku ku fita shan iska, ku zauna.

Saura abu ɗaya. Washegarin aikin, da ya farfaɗo sosai, abin da ya fara tambaya shi ne sallolin da suka wuce shi. Hannayensa biyu duk da allurar ƙarin ruwa, ba ya iya tashi, ma'aikaciyar ɗakin ta ce kada ruwa ya kusanci gadon. Ya dubi bango, fenti ne. Ya dubi ƙasa, ba zai kai ba. Ya ce a hankali, "Hauwa, ki samo mini abin taimama."

Ƙasa ba ta ƙare a Masar ba, a ƙofar asibitin ma akwai tulin yashin masu gini. Amma na hau mota na koma Ashir, na haura hawa biyar, na ɗauko dutsen nan daga taga. Da gangan na yi. Na dawo na zare shi daga jaka na riƙe masa a kan ƙirji.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya gane shi sarai. Na ɗauka zai ce in mayar. Sai ya yi bisimilla, ya buga tafukansa a kai, ya shafi fuska, ya sake bugawa ya shafi hannaye yana kauce wa allurar. Kafin in gyara tsayuwa har ya gama. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi tudun bandejin da ya tsaya a inda bai kamata ƙafa ta tsaya ba.

Ya ce, "Shi ke nan fa, Hauwa. Ashe abin ba wuya."

Na ce, "Ba wuya, Malam. Can ma a kan dutsen ba wuya."

Ya juya fuska bango ya tayar da kabbara, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na tsaya riƙe da tsarabata, ina jiran salla ta gaba.